Mako Tara Ina Baƙuwa a Ɗakin Baba

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Talata na ɗaga kai daga takarda na dubi agogon hannuna, gabana ya faɗi. Tun uku da rabi Inna ta dama fura ta ce in kai wa Baba gona, na ce to, bari in ƙarasa wannan shafin. Shafi ɗaya ya zama shida. Na sunkuci ƙwaryar na fita da sauri, ina shirya haƙurin da na san ba zan iya furtawa ba.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Bici, inda gona ke jingine da gona, layin gamba kawai ke raba ta wane da ta wane. Shekarar ce da kwanon hatsi ya fi ƙarfin mai iyali, har mutane suka fara shiga gonar da ba tasu ba da rana tsaka suna yankar gero tun bai gama nuna ba. Shi ya sa Baba yake wuni a gona yana gadi.

Na same shi kife tsakanin kunya biyu. Ƙeyarsa a fashe take, jini ya jiƙa ƙasa har ya yi baƙi, wani kuma yana tsiyaya daga kunnensa na hagu. Gefensa ga buhu an cika shi rabi da zangarniya, ga ƙotar fartanya da gashin kansa manne a jikinta. Na ajiye ƙwaryar a hankali don kada furar ta zube, har yau ban san me ya sa ba. Ihu ya ƙi fita. Sai gonar maƙwabcinmu na ruga, na kama rigarsa ina ja har ya biyo ni.

Ina rubuta wannan ne saboda duk wanda Allah ya jarrabe shi da jinyar mai rauni a ka. Mun yi kuskure, ni da mutanen gidanmu, kuma a jikina kuskuren ya ƙare.

Sai na faɗi wani abu game da ni kafin a gane sauran. Ni ce 'yar fari. A gidanmu ana riƙe kunyar ɗan fari da gaske: Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. "Ke" nake, ko "yarinyar nan". Ba ya tambayar inda na je, sai dai ya tambayi ƙanwata Zulai ko kowa ya dawo. Ni kuma dama ba mai magana ba ce. Sallamata a leɓe take tsayawa. Idan na kai masa abinci nakan tsugunna daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, in tura kwanon in fita. Lokaci ɗaya kawai ake jin muryata a gidan, bayan sallar asuba, in ina bitar darussan makarantar horar da malamai da nake zuwa, domin karatu ba ya zama a kaina sai na ji shi da kunnena. Zulai tana kirana rediyon asuba. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da na Baba.

A amalanke aka kai shi titi, daga nan ɗan sahu ya kai mu asibitin gari. Suka ɗinke wurin, suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, a wuce birni. A birni muka tarar da layin kati ya fito har waje. Baba yana kwance a kan benci yana amai, wani ma'aikaci yana ce wa Baffa Sale, ƙanin Baba, ya koma baya kamar kowa. Wata nas mai jiki ce ta wuce ta ga kunnen, ta daka wa ma'aikacin tsawa, ta sa aka ɗora shi a gado, ta tura shi da kanta. Ban san sunanta ba. Ina yi mata addu'a har gobe. Hoton kai da suka ce a yi shi ya cinye tumakin Inna biyu, magani ya ci jakin.

Kwana huɗu bai farka ba. Da ya farka, kalma ɗaya ɗaya yake yi, yana fizge robar ƙarin ruwa, sai an danne shi. Likitan da ya sallame mu bayan kwana goma sha ɗaya ya ce za mu ga fushi da mantuwa, mu yi haƙuri, kuma wani ya riƙa rubuta abin da yake yi kullum a kawo ranar dawowa. Ya ba mu mako bakwai mu dawo. Rubutun ya faɗo kaina, tunda ni ce mai biro. A duk kwanakin nan ban shiga wurinsa ba, ina waje ina wanki da bin layin magani. Da muka dawo gida kuma na daina bitar asuba, don kada in dame shi.

Ranar farko ta mako na uku da faruwar abin Inna ta ba ni koko in kai masa. Na tsugunna inda na saba, ta hagunsa, na tura kofin. Ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba, irin kallon da ake yi wa maciji a cikin ɗaki. Ya ɗauki kofin ya watsa mini kokon a wuya, da zafinsa, sannan ya jefe ni da kwanon sha na ƙarfe. Gefensa ya tsaga mini gira. Jini ya rufe mini ido ɗaya. Ban yi kuka ba, ban ce komai ba, na ja da baya da gwiwa.

Inna ta shigo da gudu tana ce masa yarinyar nan ce fa, Malam, yarinyar nan ce. Ya amsa mata da sunanta, daidai, ya ce ta fitar da wannan daga ɗakinsa.

Muka ce ciwo ne, likita ya faɗa. Amma kwana ya bi kwana, abin ya ƙi zama kamar yadda likita ya faɗa. Zulai takan shiga tun daga tsakar gida tana surutu, tana ba shi labarin akuyar wane da ta ci wake, ya kira sunanta har ya yi murmushi. Gwaggo Tabawa, yayarsa, wadda ake jin sallamarta daga zaure, ta zo daga Rijiyar Zaki, ya ce mata har yanzu ba ta rage baki ba. Liman ya zo, ya gane shi. Ni kaɗai ce. Sau uku na sake gwadawa a makon nan. Na farko ya jefe ni da buta. Na biyu ya tofa mini yawu. Na uku ya ja sandarsa daga ƙarƙashin katifa, na kare kaina da hannu, na ji ƙashin tsintsiyar hannuna ya yi ƙara kamar an karya kara. Ya sake ɗagawa, ya same ni a kafaɗa, ya sake, sai da Baffa Sale da maƙwabta biyu suka danne shi. Yana ta cewa wa ya aiko ta, wa ya aiko ta. Baffa ya ce masa 'yarka ce, ka dubi 'yarka. Ya dube ni sosai, ya daɗe, sannan ya ce kada su raina masa hankali.

Ranar suka ɗaure shi da igiyar shanu a jikin gadon. Ina wajen mai ɗori ana jan hannuna, amma abin da nake gani a raina shi ne igiyar a ƙafar Baba, mutumin da ko tsawa bai taɓa yi mini ba.

Ni ina da nawa bayanin, ban faɗa wa kowa ba. Minti hamsin na makara. Da na je da furar a kan lokaci, da ɓarawon ya ga mutum biyu ya wuce. Na tabbata Baba ya san haka, kuma ciwon ya cire masa kawaicin da zai ɓoye. Duk dukan da ya yi mini sai na ji kamar haƙƙinsa yake karɓa.

Mutane kuma suna da nasu. A mako na biyar mata masu zuwa dubiya suka fara yin shiru in na wuce. Wata ta ce wa Gwaggo mara lafiya yana ganin abin da mu ba ma gani. Wata ta ce yarinya mai yawan shiru da zaman ɗaki, dama sai an bincika. Wata ta tambaya wa ya fara ganinsa a gonar, kuma me ya sa ba a ji ihunta ba. Kalmar maita ba a faɗe ta a gabana ba, amma na ga an daina karɓar ruwa daga hannuna. Gwaggo, Allah ya saka mata, ta kori biyu daga cikinsu da muciya. Ita ce kuma, da bakinta, ta ce wa Baffa a nemo mai ruƙiyya, ko wani abu ya shafe ni a hanyar makaranta.

Mutumin ya zo ranar Lahadi da hantsi. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin Inna, aka rufe taga, ya zuba wani gari da barkono a kan garwashi ya lulluɓe ni da bargo. Ina tari har na yi amai. Ya yaye bargon ya ce wanda ke jikina ya faɗi sunansa. Na yi shiru, don ban san me zan ce ba. Ya ce wa Baffa ka gani, mai taurin kai ne. Ya fito da tsumagiya ya fara da tafin ƙafata, ya hau ƙwauri, ya hau baya. Duk shirun da na yi sai ya ƙara ƙarfi, yana cewa ba ni yake duka ba, ni ba na jin komai. Ina ji. Da tsumagiyar ta sauka a kan ɗorin hannuna na ga wuta, na suma. An ce Inna ce ta banko ƙofa ta faɗa kaina, ita da ko hannuna ba ta riƙewa a gaban mutane, ta ce duk wanda zai ƙara sai ya fara da ita.

Da yamma Baffa ya yanke hukunci. Ba za a ci gaba da ɗaure yayansa kamar bijimi ba saboda yarinya ɗaya. Da zarar an dawo daga ganin likita, Gwaggo za ta tafi da ni, kuma ba zan sake taka gidan ba muddin Baba yana numfashi. Ban ga laifinsa ba sosai. Shi ya bar tasa gonar ya girbe mana tamu, shi yake kwana a ƙofar Baba. Saura mako uku.

Na daina shiga ɗakin, aka kwance igiyar. Amma rubutun likita ban daina ba. Nakan zauna bayan tagarsa da littafin a cinya, in rubuta da hannun hagu: wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya ce, me Baba ya yi. Ba don ina neman wani abu ba, haka dai nake, in an ba ni aiki sai na cika shi.

A mako na bakwai, ranar Alhamis, Baffa ya dawo daga kasuwa da sabuwar hula, bakinsa cike da goro, ya ɗaga labule ya shiga bai ce komai ba. Na ji motsin katifa, na leƙa. Baba ya riga ya ɗaga sanda. Baffa ya yi baya yana cewa Yaya, lafiya, ni ne fa. Sandar ta tsaya a sama. Baba ya sauke ta a hankali, ya ce ai wasa yake yi, tsohuwar hular ina take. Baffa ya fito yana cewa abin yarinyar nan ya fara shafar kowa.

Na rubuta. Sannan na koma shafin farko na bi masu shiga ɗaya bayan ɗaya, ina sa alama. Mutum talatin da ɗaya ne suka shiga wurinsa tun dawowarmu. Babu ko ɗaya da Baba ya riga shi magana. Kullum sai baƙo ya buɗe baki, sannan Baba ya kira sunansa. Wanda ya zauna ta hagunsa kuma sai ya maimaita. Waɗanda suka shiga shiru mu biyu ne: Baffa sau ɗaya, ni kullum.

Abin kunyar shi ne, a zangon nan ilimin halayyar ɗan adam muke yi. Shafukan da suka makarar da ni ranar Talatar nan a kan haka suke: yadda saƙo ke shiga ta ido da kunne, yadda hankali ke zaɓar abin da zai kula da shi, yadda ake ajiye shi, yadda ake ɗauko shi a gwada da sabon da ya shigo. Na haddace cewa gani mataki ne, ganewa wani matakin ne daban. Na haddace don jarrabawa. Ban taɓa zaton abu ne da zai iya karyewa a kan mutum ba, ya bar sauran lafiya.

Ban gaya wa kowa ba, don ban san ta inda zan fara ba. Ranar komawa asibiti na roƙi Inna, aka bar ni na bi su a wata motar daban. Tun bakwai na safe muke layi, ba a kira mu ba sai bayan azahar, kuma ba likitan farko ba ne, wata ce siririya mai tabarau, ga gajiya a fuskarta. Na tsaya a waje na ba Inna littafin, na naɗe shafin da na yi alamomin. Na ɗauka likitar ba za ta duba ba. Sai ga nas ta leƙo tana tambaya wa ya yi wannan rubutun.

Likitar ta ce in tsaya bayan ƙofa inda ba zai gan ni ba. Ta fitar da Inna, ta sa suka yi musayar mayafi da wata mai shara, ta ce su shiga tare, kada wadda ta yi magana. Ta ce wa Baba ya nuna mata matarsa. Shekara ashirin da uku suna tare. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, gumi ya keto masa. Ya nuna mai shara.

Inna ta ce, "Malam."

Ya juya wajen muryar. Sai ya kifar da teburin likitar, takardu da kwalabe suka watse, ya buga kansa da bango sau biyu kafin Baffa ya rungume shi. Yana huci yana cewa duk ɗaya ne, duk fuskokin ɗaya ne, tun da ya farka, ko tasa a cikin ruwan alwala bai sani ba. Ya ɓoye ne don kada a ce ya haukace.

Likitar ba ta yi fushi ba. Ta tsince tabaranta ta ce wa Baffa, kuma maganar ta zauna mini: "Idonsa lafiya lau. Ido ɗauko hoto kawai yake yi, a can baya ake buɗe shi a ce wane ne. Wurin ne ƙotar ta samu." Ta ce kunnen hagun ma ya mutu. Ta ce mai yiwuwa fuska ba za ta dawo masa ba har abada, amma murya tana nan, tafiya tana nan, kowa ya riƙa faɗin sunansa tun daga ƙofa, ta dama. Ta ga ɗorin hannuna da tabon girata ta tambaya, Baffa ya sunkuyar da kai. Ina gode mata. Ina kuma tambaya, har yau, me ya sa babu wanda ya yi wannan gwajin na minti biyar kafin a sallame mu.

A hanyar gida Baffa ya ce maganar tafiyata a dakata tukuna, a gani. Bai ce an fasa ba. Domin an gaya wa Baba a asibitin cewa wadda yake duka 'yarsa ce, ya kawar da kai, bai ce ya yarda ba. Gwaggo ta ce in shiga kawai in ce ni ce wance, da ƙarfi, kamar mai tallan ƙosai. Na je ƙofar sau biyu. Ban taɓa faɗin sunana a gabansa ba, ban taɓa yi masa magana mai tsawon numfashi ɗaya ba. Duka biyun na juyo. Kuma ina tsoron sandar, ba zan ɓoye ba. Can ƙasan wannan kuma akwai minti hamsin ɗin nan. Likita ta bayyana fuska, ba ta bayyana furar ba.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauko takardun darasina, waɗanda ban taɓa ba tun ranar Talatar. Ban zauna a ɗakinmu ba. Na shimfiɗa buhu a bakin ƙofarsa, ta inda kunnensa na dama yake, labule tsakaninmu. Na yi gyaran murya sau biyu yadda na saba, na fara daga shafin da na tsaya. Na karanta sakin layi ɗaya, na maimaita ƙarshensa, na shiga na biyu. Inna ta tsaya da tsintsiya a hannu a tsakar gida.

Na ji katifa ta motsa. Na ji sandar ta gogi ƙasa. Ban tashi ba, na dai ɗora lafiyayyen hannuna a kaina na ci gaba. Labulen ya ɗaga. Ya tsaya a kaina, ya rufe idonsa duka biyu, ya karkato da kunnen dama. Da na yi shiru ya ce in ƙara. Na ƙara layi uku. Sai ya sulale ya zauna a dokin ƙofa, sandar ta faɗi gefe.

Na ce, kuma wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi masa, "Baba, na makara da furar. Karatu na tsaya yi. Saboda shi ne?"

Bai buɗe idonsa ba. Ya miƙo hannu yana lalube har ya taɓa ɗorin, ya janye da sauri kamar ya taɓa wuta.

Ya ce, "Makarar nan ita nake roƙon Allah ya sa kin yi. Ɓarayin su biyu ne, ɗaya da wuƙa. Ina faɗuwa abin da ke raina shi ne yanzu za ki ɓullo ta cikin geron da ƙwarya. Da aka dawo da ni gida na kasa kunne da asuba, ban ji karatu ba. Gobe ma haka, jibi ma haka. Sai na ce sun same ki, an binne ki ina kwance, aka samo wata tana tsugunna mini a inda kike tsugunnawa don kada zuciyata ta buga. Ita nake duka, don ta zauna a wurinki."

Na ce me ya sa bai tambaya ba.

Ya ce, "In tambayi wa? In ce ina wa? Ke ce ta fari."